Ɗigon Fensirin Mai Tafireta

A jerin shagunan da ke kallon ƙofar jami'a akwai wani ɗan shago tsakanin mai sayar da littattafai da mai ɗaukar hoto, wanda idan mutum ya ware hannuwansa zai taɓa bango da bango. A nan Mai Tafireta ta yi shekara ashirin da takwas tana buga wa ɗalibai takardunsu. Tafiretar da ta jawo mata sunan ta daɗe da komawa saman kabad an lulluɓe ta da tsohon zane, kwamfuta ta maye gurbinta, amma sunan ya ƙi sakinta. Ɗalibai Mama suke ce mata. Mijinta kuwa, wanda gyaran firji ne sana'arsa, idan yana cikin raha Farfesa yake kiranta, wai duk unguwar babu wanda ya rubuta digiri yawan nata, sai dai ko ɗaya ba a rataye mata a bango ba.

Karatunta a aji uku na sakandare ya tsaya, shekarar da idon mahaifinta ya mutu ya ajiye tuƙin babbar mota. Gwaggonta da ke buga takardu a wani ofis ta ɗauke ta ta koya mata aikin. Gwaggon ba ta san wasa ba. Sai ta yafa mata ƙyalle a kan hannuwa ta ce ta buga, idan ta kuskura ta leƙa ƙarƙashin ƙyallen sai ta ji rula a bayan yatsu. Kafin shekara ta zagayo tana iya bugawa tana kallon titi. Da kwamfuta ta zo, masu tafireta da yawa a jerin suka tattara suka bar sana'ar, ita kuwa ta zauna da gilashinta a karan hanci ta koyi sabuwar na'urar tana da shekara arba'in, don ta lura haruffan suna nan inda ta san su, ƙarar ce kawai ta ragu.

Turanci dai ba ta jin sa yadda za ta zauna ta yi hira da shi. Idan ɗalibi ya shigo yana zuba mata dogon Turanci, sai ta bari ya kai aya, ta ce masa da Hausa ya ajiye takardar ya dawo jibi. Amma yatsunta sun ci kundin kammala karatu fiye da dubu, na aikin gona da na shari'a da na lafiya da na tarihi, kuma sun riƙe abin da kanta bai riƙe ba. Idan tana bugawa ta zo inda aka ajiye kalma ba a mazauninta ba, sai yatsun su yi tuntuɓe, kamar mai tafiya a hanyar gidansu ya ci karo da dutsen da jiya babu shi. Ba ta taɓa canza wa kowa rubutu ba, gwaggonta ta hane ta da wannan tun ranar farko. Abin da take yi shi ne ta ɗauki fensir ta ɗiga ɗan ɗigo a gefen layin. Idan mai takarda ya tambaye ta ma'anar ɗigon, sai ta ce ya dai sake dubawa. Waɗansu su duba, waɗansu su yi tsaki a ransu. A hankali aka gane cewa waɗanda suke dubawa ba su cika shan jan biro a hannun malamansu ba, har malaman da kansu suka fara cewa ɗalibai su kai wa matar nan ta tsakanin mai littattafai da mai hoto.

'Ya'yanta huɗu, duk ta ga karatunsu ya wuce inda nata ya tsaya. Auta, wadda ita ce mace tilo, ta auri wani ma'aikacin kula da lafiyar dabbobi, mutum mai tsafta da ƙarancin magana, wanda ko rigar zuwa garke sai an goge masa. Mai Tafireta Likita take ce masa. Mai gyaran firji kuwa, idan surukin ba ya kusa, Likitan Awaki yake kiransa, Auta tana tura baki tana cewa ai har shanu yana dubawa.

Shekara uku da auren, aka zaɓi Likita ya tafi ƙasar waje horon shekara ɗaya a kan cututtukan shanu. Sharaɗi guda aka gindaya masa: sai ya ci jarrabawar Turanci mai kashi huɗu, ji da magana da karatu da rubutu, kuma kowane kashi akwai makin da ba a yarda a gaza shi ba. Likita bai ɗauki abin da zafi ba, tunda da Turanci ya yi karatunsa, da shi yake rubuta rahoton ofis. Ya shiga, sakamako ya fito, ya haye uku, rubutu ya kayar da shi. Aka ce kalmominsa sun yi kaɗan, yana ta jujjuya guda ashirin ɗin da ya saba da su.

Sai ya sayo wani littafi mai kauri na jerin manyan kalmomin ilimi, ya ɗaura ɗamarar haddace talatin kullum. Auta ta zo gida tana ba uwarta labari tana dariya tana kuma tausayi: ya manna takardu a jikin firji da bayan ƙofa da madubi, yana cin abinci yana motsa baki, ranar nan ma ta tambaye shi ko a ƙara masa ruwa ya amsa mata da wata kalma mai gaɓa biyar. Ya sake shiga jarrabawar. Wannan karon makin rubutun ƙasa ya ƙara yi. Ofishin da ya zaɓe shi ya ba shi wata uku, in bai kawo sakamako ba a ba wani gurbin.

Likita ya yi sanyi. Ya samu wata malama da ke duba rubutun masu shirin jarrabawar ta intanet, amma ta ce sai an turo mata a buge. Shi kuwa da yatsa biyu yake bugu, kamar kaza tana tsince, shafi ɗaya sai ya ci masa awa. Auta ba ta shawarce shi ba, ta kwashi rubutun gwaji guda uku da ya yi da hannu ta kai shagon uwarta.

Mai Tafireta ta soma bugawa da hantsi. Tun a layi na biyu yatsunta suka tsaya. Ta ɗiga. Layi na huɗu suka sake tsayawa. Manyan kalmomi ne reras, duk ta san su, ta buga kowacce sau ɗaruruwa, amma an zaunar da su kamar baƙin da aka haɗa a benci ɗaya ba wanda ya san wani. Da ta gama ta ƙirga ɗigo arba'in da ɗaya. Ta daɗe tana kallon takardun. Wannan ba ɗalibi ba ne da zai tafi ba ta sake ganinsa ba, mijin 'yarta ne, mutumin da ko ido ba su cika haɗawa ba in suna gaisawa. Ta ɗauki abin goge fensir ta goge uku na farko, sai kuma ta ajiye. Ta ga in ta goge ta cuce shi, in ta bari ta ba shi kunya, ta zaɓi kunyar. Ta mayar da ukun da ta goge. Da Auta ta zo karɓa ta miƙa mata takardun kawai, amma Auta a shagon nan ta girma, ta san ɗigon uwarta.

Abin da ya faru a gidan Likita daga baya Mai Tafireta ta ji shi. Auta ta nuna masa ɗige-ɗigen ta yi masa bayani. Ya ninke takardun, sannan ya tambaye ta a hankali aji nawa ma Mama ta tsaya. Auta ta ji maganar har ƙashinta, ta kwana biyu ba ta yi masa hirar kirki ba. Juma'ar da ya saba zuwa gaishe su bai zo ba, ya aiko cewa aiki ya riƙe shi a wani garke. Mai gyaran firji ya ce lallai awakin bana sun iya zaɓar ranar ciwo. Mai Tafireta ta ce ya bar yaron mutane, amma abin ya tsaya mata a rai, har ta riƙa cewa da ta sani ta goge.

Ranar Talata da la'asar, lokacin da ɗalibai suke ja baya, ta ɗaga kai ta ga Likita a bakin shagon da takardu a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kullum. Sannan ya shimfiɗa takardu biyu a kan teburin, ɗaya mai ɗigon fensirinta, ɗaya wadda malamar intanet ta mayar masa da jan layi. Ya bi su da yatsa layi-layi. Cikin arba'in da ɗaya, talatin da takwas a wuri ɗaya suka faɗa.

Ya ce, "Mama, na zo ki faɗa mini yadda kika sani."

Ta ce, "Ni ban san abin da suke nufi ba, Likita. Na dai san wannan ba ta zama kusa da wannan."

Ya matso da takardun gabanta. Sai ta nuna masa wani layi inda ya rubuta affect. Ta ce wannan tana da 'yar'uwa mai kama da ita, effect, harafin farko ne kawai ya raba su. Ita ta biyun kullum da the a gabanta take zuwa, of na biye da ita, can gaba kaɗan kuma sai on ya fito, kamar mace da 'yan rakiyarta. Shi kuma ya ɗauki 'yan rakiyar wannan ya ba waccan. Likita ya kalli layin ya daɗe. Ya ce ya haddace ma'anar kowacce tun watan jiya, amma littafinsa bai taɓa gaya masa da wa suke tafiya ba.

Ta ce ya sauko mata da kwalayen da ke ƙarƙashin tafireta. Kwafin kundaye ne da masu su ba su dawo sun karɓa ba, da waɗanda firinta ta ɓata wa shafi ɗaya aka sake bugawa. Ta zauna ta tace su, tana ware waɗanda ta tuna malamai ba su sa musu jan biro da yawa ba. Ta fitar da guda tara, uku daga ciki ma a kan dabbobi suke. Ta ce ya ajiye littafinsa mai kauri tukuna. Duk kalmar da yake so, ya nemo ta a cikin waɗannan, ya kwafe ta da ta gabanta da ta bayanta, kada ya sake ya kawo ta gida ita kaɗai. Kuma talatin ta yi yawa, biyar sun isa, amma kowacce ya same ta a wuri uku.

Sai ta tambaye shi da me ake rubuta jarrabawar. Da ya ce da kwamfuta, kuma awa ɗaya ake bayarwa, ta sa shi ya zauna ya buga mata layi biyu ta gani. Ta kalli yatsun nan biyu suna sara, ta kau da kai don kada ya ga fuskarta. Ta ce ko da kalmomin duniya ne a kansa, da wannan bugun lokaci zai ƙare bai sauke rabinsu ba. Ta jawo tsohon zanen da ke kan tafireta, ta kaɗe shi, ta yafa masa a kan hannuwa.

Haka suka shiga. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya biyo, ya zauna a kujerar kwamfuta ta biyu da gogaggiyar rigarsa, hannuwansa a ƙarƙashin zane, yana buga jimlolin da ya kwafo. Ba ta da zuciyar ɗaukar rula a kan suruki, sai dai in ya leƙa ta yi gyaran murya, shi kuma ya miƙe zaune kamar ɗan aji ɗaya. Mai hoto ya leƙo wata rana ya ce a bari ya ɗauki wannan, Likita ya roƙe shi da girman Allah ya rufa masa asiri. Kunyar da ke tsakaninsu ba ta tafi ba, amma ta sami inda za ta zauna: duk maganarsu fuskar kwamfuta suke kallo, ba sa kallon juna.

Ta koya masa abubuwan da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambaya. Ta ce akwai kalmomin da take kira 'yan hagu, don da hannun hagu kaɗai ake buga su, irin su data da average da decrease, kuma su ne suka fi yawa a kundin mutumin da ya yi aiki da gaske, shi ya sa wuyan hannunta na hagu ya riga na dama tsufa. Akwai kuma wata 'yar dama, opinion, wadda ta lura malamai ba sa son ganinta da yawa. Likita ya yi dariya har zanen ya zame. Ya ce ai ta farkon tana nufin bayanan da aka tattaro aka auna, ta ƙarshen kuma ra'ayin mutum ne kawai. Mai Tafireta ta ce ashe shi ya sa.

Daga ranar ciniki ya zama biyu. Ita ta gaya masa inda kalma take zama, shi ya gaya mata abin da take nufi. Da farko ba ta nuna tana so ba, sai ta yi kamar don shi take tambaya, wai ta ji ko ya riƙe. Daga baya ta sayi ƙaramin littafi ta ajiye a aljihun tebur tana rubutawa da Hausa. Kalmomin da ta yi shekaru tana gaisawa da su a hanya ba ta san gidansu ba, yanzu ɗaya bayan ɗaya ake buɗe mata ƙofa. Akwai wata jimla da kusan kowane kundi yake rufewa da ita, wadda tana iya buga ta ido rufe. Ta tambaye shi ita. Ya ce tana nufin akwai buƙatar a ƙara bincike a kan wannan batu. Ta cire gilashi ta dube shi, karo na farko ido cikin ido. Ta ce wato duk waɗannan da suke zuwa da iyayensu ana ɗaukar hoto da doguwar riga da hula mai tuntu, ƙarshen maganarsu shi ne ba su gama sani ba? Ya ce kusan haka ne. Ta yi dariya har da hawaye, da ta koma gida ta ba mai gyaran firji labari, shi kuma ya ce da shi ma zai riƙa rubuta wa masu firji haka in ya kasa gano ciwon, da ya huta.

Ba kullum ne take da gaskiya ba. A sati na shida ta ɗiga masa ɗigo a inda ya rubuta discuss, ta ce ya manta about da ke bin ta. Ya ce yana jin ba a sa mata. Ta ce ita dai haka ta fi ganinta, ta jawo kundi biyu ta nuna masa. Washegari ya zo da ƙamus, ya buɗe ya ajiye a gabanta, ya koma kujerarsa ya sa hannu a ƙarƙashin zane. Ta bi misalan da yatsa. Ko ɗaya babu about. Ashe kuskure ne da ɗalibai suka yi ta yi har yatsunta suka ɗauke shi gaskiya. Ta tuna sau nawa ta ɗiga wa masu daidai ɗigo a kan wannan, ta tuna wata yarinya mai karatun shari'a da ta yi mata gardama ta ce Mama wannan daidai ne, ita kuma ta ce ta dai sake dubawa. Ranar ba ta ƙara magana ba har suka rufe shago. Likita ya tafi yana zargin kansa.

Da ya dawo kashegari ya tarar ta manna 'yar takarda a gefen kwamfutarta, ta rubuta kalmar da manyan baƙi ta ja layi a kan abin da ba a sa mata. Ta ce ya bar mata ƙamus ɗin nan in ya gama da shi, kuma ukun nan da malamarsa ba ta ja wa layi ba a takardar farko, ya nemo su su duba, wataƙila nan ma ita ce ba ta da gaskiya. Suka duba. Biyu nata ne kuskuren, ɗaya malamar ce ta tsallake. Ta karɓi biyun ba ta yi musu ba, amma ɗayan nan sai da ta maimaita shi sau uku a ranar.

Ɗige-ɗigen suka yi ta raguwa, daga arba'in zuwa ashirin, zuwa tara. Sati biyu kafin jarrabawa ya buga rubutu cikakke cikin minti hamsin, ba zane, ba kallon yatsu, ta karanta da fensir a hannu har ƙarshe ba ta ɗiga ko ɗaya ba. Ta sake bi daga sama don kada a ce ta yi masa sassauci. Ta miƙa masa ta ce ya tafi gida ya huta, ya kuma ɓamɓare takardun nan daga jikin firjin 'yarta.

Ranar jarrabawar ta buɗe shago kamar kullum, amma shafi ɗaya ta buga sau uku tana ɓatawa, abin da rabonta da shi tun zamanin gwaggo. Da azahar Auta ta kira ta ce Likita ya fito, ya ce an tambaye su a kan ko ya kamata birane su rage motoci, kuma ya gama da sauran minti bakwai. Aka shiga jira.

Bayan kwana goma sha uku, da safe tana tsakiyar aiki, sai ga Likita da Auta. Ya ce sakamako ya shigo wayarsa amma bai buɗe ba, yana so a fitar masa a takarda a nan. Ya tura mata, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon titi. Ta danna, firinta ta ja takarda a hankali kamar da gayya. Ta ɗauka ta gyara gilashi. Ba ta buƙaci kowa ya fassara mata ba, ta san kalmar rubutu, ta san lambar da ake nema, ta ga wadda ke gabanta ta ɗara ta da maki guda cur.

Ta ce, "Likita, zo ka karɓi takardarka. Ba ɗigo."

Auta ta rungume ta tana kuka. Likita ya durƙusa a ɗan filin da ke tsakanin tebur da ƙofa, ya buɗe baki zai yi dogon jawabi, ta ce ya tashi kada ya ɓata wandonsa, kuma akwai mai jiran aikinsa nan da awa ɗaya. Amma da suka tafi ta fitar da kwafi na biyu ta sa a aljihun tebur, kuma mai littattafai ya rantse ya ji ta tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa har la'asar. Mai gyaran firji kuwa bai bar kowa ba. Duk gidan da ya shiga gyara a satin nan sai da suka ji cewa matarsa ce ta koya wa likita Turanci har Turawa suka sallama, kuma daga ranar bai sake cewa Likitan Awaki ba, sai dai surukina na ƙasar waje.

Likita ya tafi, ya yi shekararsa, ya dawo da ƙarin girma a wurin aiki. Kafin ya dawo labari ya riga ya zaga. Wasu ma'aikatan jinya biyu da ke shirin irin jarrabawar suka zo, sai wani mai karatun injiniya, sai ƙanwar mai hoto. Ta sa aka kawo benci aka ajiye a bakin shagon, da la'asar su zauna da kundayen nan tara da littattafan rubutunsu. Waɗansu sun ci, ɗaya ta faɗi ta sake shiri ta ci a karo na biyu, injiniyan kuwa ya gaji a sati na uku bai dawo ba. Mai littattafai ya ba ta shawara ta kafa allo ta rubuta cewa ana koyar da Turanci. Ta ce Allah ya kiyaye ta yi wa mutane ƙarya, ita mai buga takardu ce, wanda ya zo ta nuna masa abin da ta gani.

Abin da ya canza sosai shi ne aikin nata na kullum. Bugunta ya ɗan rage sauri, don yanzu tana tsayawa ta ji abin da ake faɗa. A bara wani ɗalibin aikin gona ya kawo kundinsa a kan wani sabon abincin kaji. Tana cikin babi na huɗu ta tsaya, ta koma baya shafi biyu, ta dawo. Turancinsa lafiya lau, yatsunta ba su yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya zo karɓa ta ce ya zauna tana da tambaya. Ta ce a nan ya rubuta cewa kajin da suka ci sabon abincin nauyinsu ya ƙaru sosai, amma a jadawalin da ke shafi na hamsin da biyu ta ga na tsohon abincin ne suka fi nauyi, to wanne za ta gaskata?

Yaron ya karɓa yana murmushin wanda zai yi wa tsohuwa bayani. Ya duba jadawalin, ya duba rubutun, murmushin ya tafi. Ya fito da littafin da ya yi awo a ciki yana ta buɗawa da sauri, sai ga shi ya juya kan jadawalin ne wajen kwafa, ya ba waɗannan lambobin waɗancan. Saura kwana biyu ya tsaya gaban malamai ya kare aikin. Ya share zufa ya tambaye ta ko ta taɓa karantar aikin gona ne. Ta ce a'a, kaji dai tana da guda shida a gida. Ta ce ya gyara a nan da biro ta sake fitar masa da shafin, ya yi sauri kuma, don akwai mutum biyu a bayansa.